Hamsin Ba Rabi da Rabi Ba Ne

Desley Hartwig ta toshe bakin 'yar kwalbar awon da babban yatsa, ta girgiza ta sosai, ta dasa ta a kan akwatin sifanu, sannan ta ce kowa ya yi mata shiru. Daman ba mai magana. Mijin 'yarta, Tavita, na tsaye jikin baƙar motarsa ƙirar Falcon, hular kwano a hammata, gumi na bin wuyansa. 'Yar tata, Renae, na zaune a inuwar rumfa, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan akwatin ƙanƙara, cikin wata takwas ya tokare mata gaba. Can bayansu motoci biyu suka tashi a titin tsere da ƙarar da ke sa haƙarƙarin mutum rawa, amma ko waiwaye ba wanda ya yi.

Awon nan ba wani abin wahala ba ne, ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba zai iya. Ka zuba ruwa zuwa zanen ƙasa, ka cika da man da ke cikin tankin mota zuwa zanen sama, ka girgiza, ka jira. Etanol, wato barasar nan da 'yan tseren mota na garin Ipswich ke ce wa ruwan rake, shi da ruwa 'yan ɗaki ɗaya ne, sai su rungumi juna su kwanta a ƙasa. Fetur kuwa mai girman kai ne, ba ya cuɗanya da kowa, sai ya taso sama abinsa. Inda suka rabu, nan lambar take.

"Nawa, Mama?" in ji Tavita.

"Bari ya kwanta tukuna. Ko shayi ai sai ya jiƙa."

Ta sauko da tabarau daga kan furfurarta, ta sunkuya. Layin ya tsaya a kan arba'in da biyu. Ta karkata kai ta sake dubawa, yana nan inda yake.

"Zo nan, ɗan nan. Me na ce maka a waya ranar Alhamis?"

"Kin ce in haɗa hamsin."

"Kai kuma me ka haɗa?"

"Hamsin mana. Lita sha shida ta ruwan rake, lita sha shida ta fetur mai lamba casa'in da takwas. Hamsin-hamsin. Da jarka mai zane na auna, ko ɗigo ban zarce ba."

Renae ta dafe goshi. "Wayyo, Tavi."

"Me aka rubuta a jikin famfon da ka sayo ruwan raken?" in ji Desley.

"Tamanin da biyar."

"Wato a cikin ɗari, tamanin da biyar ne etanol, sauran fetur ne tun daga can. To raba min tamanin da biyar gida biyu."

Tavita ya ɗaga ido sama, leɓunansa na motsi. Ƙaton mutum ne, direban motar kwashe shara a garin Logan, mai jan baƙi a mawaƙan cocinsu, amma a lokacin nan sai ya koma kamar ɗan aji uku.

"Arba'in da biyu da rabi."

"Rabin ma kwalba ta cinye. Mu in mun ce hamsin, ba rabi da rabi muke nufi ba. Nufinmu, duk abin da ke cikin tanki, hamsin cikin ɗari ya zama etanol zalla. A kan haka na saita maka injin nan."

Yanzu ta gane abin da ya faru da safe. A gudunsa na farko ta ji wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin rurin injin, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma kwamfutar motar ta ji shi ita ma, ta rage wuta da kanta don ta ceci injin. Shi ya sa allo ya nuna daƙiƙa goma da ɗigo huɗu. Etanol sanyi gare shi, yana barin ka matsa wa inji mai turbo, na'urar da ke cusa masa iska, yadda fetur ba zai yarda ba. Sai dai inji na shansa kamar raƙumi, famfon man Falcon ɗin kuwa ba zai iya tura shi zalla ba, shi ya sa ake cakuɗawa. In cakuɗin ya gaza kuma ka ce sai ka taka, to ka tanadi tsintsiya, don da ita za a kwashe maka injinka daga kan titi.

Abin da ya sa zancen ya yi nauyi, yau ce ranar ƙarshe. Shekara huɗu Tavita na gina motar nan da buri ɗaya tak: ya ci mita ɗari huɗun titin tseren nan cikin ƙasa da daƙiƙa goma, ko sau ɗaya ne, a ba shi 'yar takardar da ta fara da lamba tara. Ya yi wa Renae alkawari a gaban mahaifiyarsa, kuma a gidansu alkawarin da aka yi a gaban tsohuwar nan ba ya tashi: daga yau za a cire tayoyin tsere, a rage wa injin ƙarfi, a ɗaura kujerar jariri a baya. Gudu ɗaya ya rage masa, ƙarfe uku. Agogon Desley ya ce biyu da minti ashirin da biyar.

"Hanya biyu ce," in ji ta. "Ko in buɗe kwamfuta in sassauta mata, ka yi gudunka lafiya lau, ka samu goma da 'yan kai, mu je gida mu ci gwazar da mamanka ta aiko. Ko mu samo ruwan rake mu ƙara, ya kai hamsin na gaskiya."

"Na zuba nawa duka," in ji Tavita a hankali. "Gidan man da ke sayarwa kuma minti arba'in ne, zuwa kawai."

Sai Renae ta ce, tana kallon farcenta, "Baba na da duro biyu na ruwan rake."

To fa. Duk wanda ya san filin nan ya san Merv Camilleri, uban Renae, ya kuma san shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da shi da Desley su yi magana da ta wuce "matsa min". Gareji ɗaya suka riƙe shekara ashirin da biyu, aure ɗaya kuma, da suka rabu kowa ya ja kwastomominsa. Da Tavita ya tashi neman mai saita masa inji ya zaɓi surukarsa, sai Merv ya daina zuwa gashin nama gidan su Renae ranar Lahadi.

"Bari in je," in ji Tavita.

Ya tafi da sassarfa, ya dawo yana jan ƙafa.

"Ya ce mai yana nan. Amma wai wanda ya saita injin ya zo da ƙafarsa."

"Mama, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne," in ji Renae.

"Ke kika kira ubanki wada, ni ban faɗa ba." Desley ta zubar da abin da ke cikin kwalbar, ta ɗauraye ta, ta soka a aljihun gaban rigar aikinta, ta ɗauki jarka. "Tavita, buɗe murfin tanki ka sa mazurari. Kada ka taɓa komai bayan wannan. Komai na ce, ka ji? Ba rabin komai ba."

Rumfar Merv na can ƙarshen layi, babba, da sunansa da jan fenti, motocin kwastomomi uku a jere a ciki. Shi kuma yana zaune a kan taya, gajere mai kaurin wuya, gashin bakinsa duk miyar fanken naman da yake ci. Abokansa huɗu na kewaye da shi. Da alama an gaya musu akwai kallo.

"A'a'a! Yau rana ta yamma ta fito? Ku ba Farfesa kujera!" in ji Merv.

"Ruwan rake nake so, Mervyn. Kamar lita goma."

"Ba ko gaisuwa?"

"Ina wuni. Lita goma."

Merv ya juya ga abokansa yana nuna ta da fanken. "Kun ji ta ko? Shekara ashirin da biyu abin da na sha ke nan. 'Mervyn, miƙo min abin nan.' Wane abu? 'Ai ka sani.' In ban sani ba, na zama jaki." Ya share baki da bayan hannu. "Yaron ya faɗa min komai, Des. Kin ce masa hamsin. Hamsin me? Tumaki hamsin? Shara yake kwashewa, ba bakanike ba ne. Abin da ya ji shi ya yi, kuma ya yi shi tsaf."

"Ina da minti ashirin da biyar. Me kake so?"

"Man kyauta ne. Jikana ne a cikin Renae, ba zan sayar wa ubansa mai ba. Abu ɗaya nake so. Ki faɗa min laifin wane ne. Ina so in ji da kunnena kafin a binne ni."

Abokan suka matso kusa. Ɗaya ma har ya ajiye gwangwanin lemonsa don kada ya rasa komai. Sun san Desley, sun san an taɓa ganin ta jefi wani da sifana mai lamba sha tara a kan maganar da ba ta kai wannan ba.

Ita kuwa ta dube shi, ta waiga can inda Tavita ke tsaye riƙe da mazurari kamar mai gadin tuta, ta dawo da kallonta.

"Nawa ne," ta ce, da ƙarfin da na rumfar gaba ma suka ji. "Na faɗi kalma ɗaya a inda ake bukatar goma. Yaron bai yi kuskure ba, ni na bar masa rami ya cike da abin da ya sani. Kuma ba yau na fara ba. Ka gamsu?"

Merv kuwa faɗa ya shirya wa, ya tanadi amsoshi har na gobe, ga shi an bar shi da su a hannu.

"Wani ya rubuta kwanan watan yau," ya ce a ƙarshe. Ya tashi ya kama hannun famfon duro.

Sai ga Desley ta zaro kwalba.

"Wannan fa?"

"Awo."

"Durona za ki auna? Sabo ne fil, ranar Talata aka kawo shi! Ga lamba nan a jiki, ko tabaran ne ya mutu?"

"Surukinka ma lamba ya karanta."

Ta zuba ruwa daga gorarta, ta tara man, ta girgiza, ta dasa kwalbar a kan duron. Mutum shida suka sunkuya a kanta kai da kai, kamar masu jiran ƙwai ya ƙyanƙyashe. Layin ya sauko, ya yi 'yar rawa, ya tsaya.

"Tamanin," in ji ɗaya daga cikin abokan, mai ƙarar kwana.

"Ƙarya ne!" Merv ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta a rana. Tamanin ɗin dai. A hankali ya juya ya dubi motoci ukun da ke rumfarsa, waɗanda tun safe wannan duron suke sha.

Desley ba ta yi masa gori ba, kuma wannan ya fi duk kyautar da ta taɓa yi masa. Ta ciro alƙalami daga bayan kunne ta hau lissafi a bayan hannunta. Lita talatin ta rage a tanki, mai arba'in da biyu. Wannan mai tamanin ne. Ta ja layi.

"Takwas. Lita takwas cif, Mervyn, ba bakwai da rabi ba, ba tara ba. Daga wannan duron, a cikin wannan jarkar, zuwa wannan zanen. Na faɗa dalla-dalla?"

"Har ya yi yawa," in ji shi. Ya cika, ya duƙa ya daidaita idonsa da zanen, ya ɗiga kaɗan. Da ta miƙa hannu za ta ɗauka sai ya riga ta. "Bar shi. Bayanki ba na jiya ba ne."

Haka suka ratso layin rumfuna, ita a gaba, shi a baya da jarka yana tangaɗi, mutane na leƙowa suna taɓa juna. Renae ta gan su tafe, ta sauke ƙafafunta daga kan akwatin ƙanƙara.

Aka juye man. Amma zubawa ba ita ce haɗuwa ba, dole a motsa shi. Tavita ya kama motar ta dama, Merv ta hagu, suka shiga jijjiga ta, ƙato da gajere, tana lilo a tsakaninsu, man na kwal-kwal a ciki.

"Da ƙarfi, Baba!" in ji Renae. "Tavi kaɗai ke yi!"

"Ke yi min shiru, mijinki rabin saniya yake ci a zama ɗaya!"

Desley ta sa aka kunna famfo ya zagaya da man minti biyu, ta tara kaɗan daga bututu, ta sake awo. Lasifika ta fara kiran ajinsu Tavita. Wannan karon ba ta hana kowa magana ba, amma ba wanda ya yi. Layin ya zauna a kan hamsin kamar da ma can gidansa ne.

Ta miƙa wa Merv kwalbar ba tare da ta dube shi ba. "Je ka duba 'ya'yanka, motocin nan uku. Ka dawo min da ita a wanke."

Tavita ya shiga mota, ya ɗaure ɗamara, ya sa hular kwano. Kafin ya rufe gilashinta ya ce, "Mama, ƙas-ƙas ɗin nan fa? In na sake jin sa?"

"Ba za ka ji ba. Injin nan na san shi tun yana ƙarafa a cikin kwali. Yanzu ya samu abin da na yi masa alkawari. In fitila ta yi kore, ka taka har ƙasa, kada ka ɗaga ƙafarka sai ka wuce allo. Ka gane, ko in ƙara kalma tara?"

Ya yi dariya a cikin hular, ya tayar.

Desley da Renae suka tsaya a jikin shingen waya. Falcon ta shiga inda aka jiƙa da ruwa, ta murza tayoyin baya har farin hayaƙi ya rufe ta, iska ta kawo ƙamshin nan mai zaƙi-zaƙi na ruwan rake in ya ƙone. Ta matsa kan layi. A ɗaya hannun wata jar mota ce, ba wanda ya damu da ita. Turbo ya fara kuka, siririn kuka da ke hawa yana hawa. Renae ta kama hannun uwarta ta matse.

Desley ta rufe ido. Ita ba ta kallon gudu, saurarensa take yi.

Kore.

Gaban motar ya ɗaga, ta tsuguna a kan tayoyin baya ta fita kamar an harba ta. Giya ta biyu. Desley ta kasa kunne a ƙarƙashin rurin, inda tsakuwar nan ta yi magana da safe. Ba komai. Giya ta uku. Murya ɗaya ce, sumul, tun daga layi har ta ƙanƙance a nesa. Tun kafin Renae ta ƙwala ihu Desley ta riga ta saki murmushi. Ta buɗe ido ta dubi allo don ladabi kawai.

Tara da ɗigo casa'in da uku.

"Mama! Mama, kin gani?"

"Na ji. Ki daina tsalle, kada ki haife min jika a jikin waya."

Da Tavita ya dawo rumfa, ya kashe mota, sai ya kasa fitowa. Yana zaune da 'yar takardar a hannu biyu, ƙatuwar fuskarsa sharkaf, ba ka ce gumi ne ko wani abu ba. Merv ya iso da gudu-gudu yana dukan rufin motar yana cewa man nasa ne, kowa ya shaida man nasa ne.

Ana cikin haka wani ɗan babur ya tsaya a bakin rumfar. Wal ne, babban mai duba motoci na filin, dogo busasshe da allon rubutu a hannu. Ya leƙa cikin Falcon, ya dubi rufinta ta ciki, ya girgiza kai.

"Wa ya tuƙa wannan?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Ka san doka. Duk motar da ta sauka ƙasa da goma, sai da kejin ƙarfe na kare direba a ciki, direbanta kuma sai da lasin tsere. Kai ba ka da ko ɗaya. Ka gama na yau. Ɗora ta a tirela, kuma kada in sake ganin ta a titina sai an yi mata keji."

Tavita ya fito a hankali, ya miƙe har ya yi wa Wal inuwa.

"Wato korata kake yi?"

"Korarka nake yi."

"Saboda gudun ya yi yawa?"

"Saboda gudun ya yi yawa." Wal ya ɗan sassauta. "Ba abin tashin hankali ba ne, ɗan'uwa. Sati uku an gama keji. Ga surukinka nan, duk Ipswich ba wanda ya fi shi walda. Wata mai zuwa ka dawo, motar nan tana da tara da rabi a cikinta, na rantse."

Merv ya gyara tsayuwa. Desley ta ga lissafin ya fara tashi a kanta ita ma, tara da rabi, ƙila ma ƙasa, in aka canza famfo. Ta haɗiye shi. Ba wanda ya dubi Renae, amma hankalin kowa na kanta.

Tavita ya dubi motar, ya daɗe. Sannan ya juya 'yar takardar, ya miƙa wa Wal bayanta.

"A'a, ba zan dawo ba. Amma don Allah rubuta min a nan."

"In rubuta me?"

"Abin da ka faɗa yanzu. An kore shi saboda gudun ya yi yawa. Ka sa kwanan wata, ka sa hannu. Mamana ba ta san me tara da ɗigo casa'in da uku ke nufi ba, amma wannan za ta gane."

Wal ya dube shi, ya dubi Desley, ya ɗora takardar a kan allonsa ya cire murfin biro da haƙori.

"Sunanka?"

"Tavita Leaupepe."

"Lea... me?"

Tavita ya matso, ya sunkuya a kan kafaɗarsa, ya fara jero masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana jira kowanne ya sauka a takarda kafin ya faɗi na gaba.